Baƙaƙen Ƙwallaye Uku

Babban ɗana ne ya tayar da maganar. Ya zo hutu daga Maraɗi, ya biyo ni fili bayan la'asar, ya tsaya a gindin bishiyar bedi yana kallo har muka sha kashi a hannun wani tsohon ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, da abokin wasansa. A hanyar gida ya karɓi jakata don ya rage mini kaya, ya buɗe, ya ciro ƙwallo ɗaya yana juya shi a hannu yana yatsina fuska.

"Baba, da wanga kaka wasa? Ai ko maƙeri ba shi amsar shi kyauta."

Na ce ya mayar mini da abina cikin jaka, ƙwallon da yake rainawa ya girme shi. Ya yi dariya ya mayar. Amma maganar ta riga ta shiga kunnena, ta kuma ƙi fita.

Ga wanda bai san wasan ba, petanki ake ce masa, Faransawa suka tafi suka bar mana shi tare da dogon burodi. Ana jefa wani ɗan ƙwallon katako a ƙasa, sannan ɓangare biyu su yi ta jefa ƙwallayen ƙarfe masu cika tafin hannu. Wanda nasa ya fi kusa da ɗan katakon shi ke da maki, wanda ya fara kai sha uku ya ci. Su Faransawa ɗan alade suke kiran ɗan katakon. Mu kuwa filinmu cike yake da alhazai, sai muka raɗa masa ɗan auta, tunda kowa kusa da shi yake son zama. In ana wasan bibbiyu, ɗaya shi ne mai ajiya, yana lallaɓa ƙwallonsa ya kwanta kusa da auta. Ɗayan mai harbi ne, aikinsa ya fasa ƙwallon abokan gaba ya kore shi daga wurin. Ni mai ajiya ne tun ina da baƙin gashi. Mai harbina kuma mutum ɗaya ne tak a duniya, taubashina, ɗan wan mahaifiyata.

Ya ɗan girme ni, kuma tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa nawa, har yau ba a samu alƙalin da ya raba wannan shari'a ba. Dillali ne a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Idonsa shi ne jarinsa. Daga bakin kasuwa zai hango raƙumi ya gaya maka shekarunsa da ƙafar da yake ɓoyewa, kafin mai shi ya gama ɗaure igiya. Ni kuma allurar dabbobi na yi har na ajiye aiki, na sha rana a dajin Tagriss ina bin garke, shi ya sa yake cewa duk saniyar da ta zo masa da ciwo ta hannuna ta biyo.

Ƙwallayen nan tare muka saye su, guda shida cikin akwatin katako, daga wani direban babbar mota da ya sauko daga arewa. Muka raba uku-uku a nan tasha, har da faɗa a kan wa zai riƙe akwatin. A lokacin suna sheƙi, kana ganin haƙoranka a jikinsu. Yashi da gumi da tsatsa suka yi ta cin su har suka koma baƙaƙe ƙirin kamar gindin tukunya. Nasa sun fi nawa lafiya, don nawa ne ke kwance kusa da auta kullum suna shan duka. Zanen da ke jikinsu ya shafe. Ɗaya ma ya lotsa a gefe, in na gara shi sai ya karkata hagu, shi ne muke kira Gurgu. Ni dai na ce harbin ɗan duwan ne ya lotsa shi. Mai ɗakina ta ce ba ta san komai ba, alhali na taɓa kama ta tana kafa turken akuya da shi.

Gaskiyar magana, wasana ya ja baya a 'yan shekarun nan. Ƙwallon da nake so ya tsaya gaban auta sai ya wuce, wanda nake so ya wuce sai ya kwanta a hanya. Ni kuwa ba na son a ci ni. In aka ci mu, tuwon ranar ba ya mini daɗi, kowa a gida ya san ya ba ni hanya. Sai ga yaro ya zo ya ba ni wanda zan ɗora wa laifi. Ashe ƙarfe ne ya gaji, hannuna yana nan lafiya lau. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai.

Bai jima da komawa ba ya aiko mini da sababbi ta hannun direba, uku cikin jaka mai zif, irin ƙarfen da ba ya tsatsa. Na buɗe su a tsakar gida, hasken rana ya dake su har na kanne ido. Duk 'yan filinmu irin su suke da su yanzu, mu biyu kaɗai muka rage da baƙaƙe.

Sai kuma na kasa fita da su. Na tura su ƙarƙashin gado. Da safe in ciro in auna a hannu, in ce yau kam da su zan je. In la'asar ta yi sai hannuna ya kai kan tsohuwar jaka. Na san halin tsofaffin nan kamar yadda na san halin 'ya'yana. Na san in zan jefa Gurgu sai in nufi dama, shi da kansa zai lanƙwaso ya zagaye ƙwallon da ya tare hanya, abin da sabo ba zai taɓa yi mini ba. To amma shekara nawa mutum zai yi yana lallashin ƙarfe? Haka na yi ta kai da kawowa, ina yi wa mai ɗakina bayani tana tankaɗe, ina bin ta madafa da bayani, har ta ajiye rariya.

"Malam, ko ka ɗauka ko ka bari. Ni dai ka ishe ni da zancen ƙarhe. Ka tahi ka tambayi ubangidanka."

Ta san in ta kira shi ubangidana raina yana ɓaci, shi ya sa take yi.

Na tambaye shi muna shan shayi bayan wasa. Na zaci zai yi mini tsiya, ya ce bawa ya samu ɗa mai albashi zai fi ubangidansa. Sai ya ajiye kofi ya ce, ba wasa a muryarsa:

"Ka bar su inda suke."

"Don mi?"

"Don na ce. Waɗanga baƙaƙe mi sunka yi maka?"

Na ce sun yi mini tsufa. Ya ce in tsufa laifi ne, ni za a fara jefarwa. Muka yi ta ja, yana ƙara kafewa, har na yanke a raina cewa hassada ce kawai, ba ya so in yi sheƙi shi yana baƙi. Kuma ni, in kana so in yi abu, to hana ni. Washegari na fita da sababbin.

Ranar fili ya cika. Na zuge zif a hankali don kowa ya gani, ɗan duwan ya karɓi ɗaya ya auna ya ce ashe akwai ranar da zan shigo zamani. Na shiga da'irar da ake tsayawa, na durƙusa, na saki na farko. Wayyo daɗi! Ya tafi sumul, bai karkata ko'ina ba, ya je ya kwanta tafin hannu ɗaya daga auta. Na waiwaya ina neman yabo. Ɗan duwan ya jefa nasa, ya yi sa'a ya fi nawa kusa da auta ta ɗaya gefen. Aikin mai harbi ya zo ke nan.

Taubashina ya shiga da'ira. Ya daɗe yana duban wurin, fiye da yadda ya saba. Ya ɗaga hannu ya saki. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ƙau! Harbi mai kyau, tsakiya da tsakiya. Sabon ƙwallona ne ya tashi sama ya faɗa cikin ciyawa, na ɗan duwan yana kwance ko motsi bai yi ba.

Fili ya kwashe da dariya. Wani ya ce yau ubangida ya hukunta bawa. Shi ma ya yi ɗan murmushi ya ce hannu ne ya kuɓuce. Na haɗiye. Aka ci gaba. Ba a yi nisa ba sai ga irin wannan zama ya sake dawowa, nawa da nasu kusa da juna, ya sake ɗaga hannu, ya sake fasa nawa.

Nan kam na fashe. Na gaya masa maganganu a gaban mutane. Na ce in baƙin ciki yake da abin da ɗana ya saya mini ya fito ya faɗa, ba sai ya sayar da wasa ba. Na ce dama dillali ba ya rabo da cin amana. Ina faɗa ina jira ya rama, don tun da muka taso ban taɓa jefa masa magana ɗaya bai mayar mini da uku ba. Bai rama ba. Ya sunkuya ya tsince baƙaƙensa, ya zuba a jaka, ya yi wa jama'a sallama ya tafi. Dariyar da ake yi ta mutu, kowa ya kama duban ƙasa.

Na isa gida ina huci, na zayyana wa mai ɗakina komai, ina jira ta taya ni. Ta saurara har na gama, sannan ta dube ni irin kallon da take yi wa jikokinmu in sun saka takalmi a juye.

"Kai da ke tare da shi kullum, kai kaɗai ne ba ka sani ba? Mutumen ga ba shi gani."

Na ce wace irin magana ce wannan, mutumin da ke fasa ƙwallo daga nesa.

"Ranar sunan ɗiyar ƙanwata na tsaya gaban shi, bai gane ni ba sai da na yi magana. Ka dubi yadda shika zuba shayi, rabi ga kohi rabi ga tire. Matar shi ta sani, ni na sani. Mun dai yi shiru ne don shi ya yi shiru."

Na zauna a kan turmi. Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ya daina zuwa awo in an yi gardamar wanda ya fi kusa, sai ya ce bawa ya je, aikin bayi ne. Kafin ya yi harbi yakan tambaye ni, kamar da wasa, wai ina ɓarawon yake, yana nufin ƙwallon abokan gaba. Ya daina gaida mutum daga nesa, shi da a da yake ƙwala wa mutane kira tun daga ƙarshen layi. Duk na gani, ban kuma ga komai ba, ina can ina lissafin laifin Gurgu. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo bayanta, don ban taɓa tunanin filin nan ba shi ba.

Ya ɗauke ƙafa daga fili. Na jira, bai zo ba. Ranar kasuwa na bi shi can. Na hango shi a tsakiyar awaki da tumaki, yana shafa bayan wani rago da tafin hannu, yana latsa ƙirjinsa, yana buɗe bakinsa yana taɓa haƙora da yatsa. Shi da yake yi wa ƙananan dillalai dariya, yana cewa mai shafa dabba kafin ya san kuɗinta makaho ne. Na tsaya har ya gama cinikin, sannan na yi sallama. Da jin muryata ya juyo.

"Bawa ya zo biko?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Na ja shi rumfar mai shayi, can gefe inda ba kowa. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Bari. Ai ka gane, ko? Ga muryarka na ji."

Na ce na gane. Ya murza carbi, sannan ya ce:

"Hayaƙi nika gani, ya daɗe. Auta ma ba ni ganin shi, sai dai in ga inda ƙwallaye sunka taru in san yana nan. Amma baƙi bisa yashi ina ganin shi, mai walƙiya ma ina ganin walƙiyar. Baƙi namu, mai walƙiya nasu. Dabarar ke nan duka. Sai kai ka tashi ka sanyo rigar abokan gaba."

Na ce me ya hana shi gaya mini.

"In gaya maka, kai da bakinka bai riƙe ko ruwan zahi? Ka dubi kasuwar ga. Ranar da anka ce dillali ba shi gani, wa za ya ba ni igiyar dabba tai? Kuma hilin can shi kaɗai ya rage inda nika ɗaga hannu a yi shiru."

Na zuba masa shayi da kaina, ya ce ashe bawa ya fara sanin aikinsa.

Da la'asar ta washegari na fito da tsohuwar jaka. Ɗan duwan ya tambayi ina amaren, na ce ba su karɓe ni ba. Sababbin kuwa na samo musu aiki. Abokin wasan ɗan duwan ƙwallayensa sun fara dusashewa, sun yi toka-toka, irin launin da ke ɓacewa cikin yashi. Na miƙa masa jaka mai zif na ce ya riƙe aro, ya yi ta wasa da su. Mutumin ya yi ta godiya, yana mamakin yaushe na koyi kyauta. Tun daga ranar abokan gabanmu suka riƙa sheƙi gaba da baya, taubashina yana fasa su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na koyi surutu a bakin da'ira, ina yi kamar ina zagin ƙwallon ɗan duwan, ina cewa dubi marar kunyan can na dama, taki ɗaya bayan nawa. Mun ci wasu, an ci mu wasu. Gurgu ya ci gaba da karkata, hannuna ma bai gyaru ba, amma tuwo ya daina yi mini ɗaci.

Sai dai hayaƙin ƙaruwa yake yi. Na yi aikin allura da yawa, na san yanar ido in na gan ta kusa, na kuma san ana cire ta a Maraɗi. Na yi masa maganar, ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido yana raye. Na bi ta lallashi, na bi ta faɗa, na turo masa matarsa, duk a banza. Daga ƙarshe na je gidansa da sassafe na ce kafaɗata ta matsa mini, zan je ganin likita a Maraɗi, kuma ba a taɓa jin ubangida ya yi tafiya ba bawa mai riƙe masa jaka ba. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani. Sai ya ce a miƙo masa hularsa, ba zai bar bawansa ya ɓace a birni ba.

Ɗana ya tarbe mu, ya yi ta zirga-zirga har aka duba shi aka sa rana. Ido ɗaya aka fara yi. Da za a shiga da shi ya riƙe hannuna gam kamar ranar da aka yi mana kaciya, yana cewa in ya mutu kar in kuskura in gaji ƙwallayensa.

Da aka zo cire auduga ina tsaye a gabansa. Ma'aikaciyar ta ɗaga a hankali, ta goge masa, ta ce ya buɗe. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Wane ne wanga tsoho?"

Na yi dariya, na zaci tsiyar ce ta dawo. Sai na ga shi ba dariya yake yi ba. Ya miƙo hannu ya kama gemuna.

"Yaushe ka yi hwari haka? Ni da baƙin gemu na bar ka."

Sai a lokacin na san tsawon shekarun da ya yi yana zaune kusa da ni, yana zagina, yana shan shayina, bai ga fuskata ba. Muka tsaya haka, tsofaffi biyu, ma'aikaciya tana kallonmu. Shi ne ya fara farfaɗowa. Ya saki gemun zai share ido da hannun riga, aka hana shi, ya ce:

"Allah ya so ka ban ga sanƙon ga naka yana walƙiya ba. Da tuni na harbe ka."

Da likita ya ba shi izinin komawa wasa, ranar farko ya karɓi jakata a gindin bedi, ya ciro Gurgu ya ɗaga shi sama yana dubawa da sabon idonsa, yana yatsina fuska daidai yadda ɗana ya yi. Ya ce subhanallahi, ashe da wannan abin kunya nake wasa, in je in karɓo sababbina, yanzu yana gane nawa ko cikin dubu. Mai aron ma ya ce a shirye yake ya mayar.

Na ce ya riƙe tukuna. Ga ɗana na ce ɗayan idon ba a yi shi ba, sai an yi. Ga mai ɗakina na ce na saba da nauyinsu, ta yi mini kallon nan nata ta ci gaba da tankaɗe. Ainihin dalilin ban gaya wa kowa ba. Duk shekarun da mutumin nan ba ya ganin fuskata, da waɗannan baƙaƙen ƙarafa uku yake gane inda nake a fili, yake kuma kare ni. Ba zan iya tura su ƙarƙashin gado ba.

Jiya ma an ci mu. Na nufi dama kamar kullum, Gurgu ya lanƙwaso ya wuce auta ya tafi abinsa. Taubashina ya bi shi da ido har ya tsaya, ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yanzu da yake gani da kyau, ƙwallon ba shi da laifin komai.